A Buɗe Wa Ɗaliban Jami'a Ƙofar Koyon Aiki

Zuwa ga Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga masu kamfanoni da 'yan uwana 'yan kasuwa game da yaranmu na jami'a.

Tun shekarar 1973 hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fito da shirin SIWES, wato ɗalibin kimiyya ko injiniya ko aikin gona ya bar aji ya je inda ake aiki da hannu. Na jami'a yakan yi wata 6. To amma yanzu masaƙu da masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Calawa sun rufe, saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. Shi ya sa za ka ga yaro daga Jami'ar Bayero ko ta Wudil yana yawo da takarda ofis-ofis. Wanda ba shi da kowa sai ya ƙare da neman mai buga masa hatimi kawai, ya koma makaranta bai taɓa ko sifana ba. Wannan hasara ce ga uban da ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin karatu.

Ni manomi ne kuma ɗan tireda, iyakar bokona firamare, amma na san ba babban kamfani kaɗai ke da abin koyarwa ba. Mai injin casar shinkafa a Kura, da mai sito a kasuwar Dawanau, da mai gonar kaji, da mai majema, da mai gareji, duk za su iya karɓar yaro ɗaya ko biyu, muddin aikin ya dace da abin da yake karantawa kuma makarantarsa ta yarda.

Hanyar ba wuya. Ka karɓi takardar makaranta, ka ba shi amsa a rubuce. Ka haɗa shi da ma'aikaci guda wanda ya san aiki. Ka ba shi aiki na gaske, ba aiken sayo shayi ba. Ka duba littafin da yake rubuta aikinsa kowane mako kafin ka sa hannu. In da hali ka ba shi kuɗin mota. Kai ma ka ci riba, don yaron zai iya gyara maka lissafi, ko ya nuna maka yadda za a kare wake daga ƙwari ba tare da an zuba magani barkatai ba.

Su kuma jami'o'i su sauko su zauna da shugabannin kasuwa, malamai su riƙa zuwa duba yaran. Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu gane, amin.

Naka,
Mai karatu a kullum,
Unguwar Ƙoƙi, cikin Birnin Kano.