Ƙwallon kwando a ƙananan kwalejojin Zamfara: Ba a fafe gora ranar tafiya

A duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a manyan makarantu, hankalin hukumomi kan karkata ne ga rajistar ɗalibai, wurin kwana da jadawalin darussa. Akwai wani lissafi da ba kasafai ake waiwayarsa ba, wato jerin sunayen 'yan wasan makaranta: wa ya kammala ya tafi, wa ya rage, wa zai maye gurbi. A babbar jami'a mai dubban ɗalibai, wannan giɓi kan cike ba tare da an sha wahala ba. Amma a ƙaramar makaranta irin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, tafiyar mutum uku ko huɗu ta isa ta durƙusar da ƙungiyar ƙwallon kwando baki ɗaya.

Lissafin a fili yake. Ƙungiyar ƙwallon kwando kan shiga gasa da 'yan wasa 12, biyar a fili, bakwai a benci. Karatun ƙaramar difloma shekara 2 ne, na shaidar malanta ta NCE kuma shekara 3. Ke nan a kwalejin da mafi yawan ɗalibanta 'yan difloma ne, kusan rabin tawagar ne ke tafiya duk shekara, kuma galibi waɗanda suka fi gogewa su ne masu tafiyar. Sabon ɗalibi kan shafe watannin farko yana sabawa da makaranta, a tsakiya ya fita koyon aiki, a ƙarshe jarrabawa da aikin kammalawa su sha masa kai. Wanda ya gama ƙaramar difloma sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya nemi babbar difloma, kuma ba lallai ne ya dawo inda ya fara ba. Yana iya nufar Ƙauran Namoda, Gusau ko Sakkwato. Duk kocin da ke riƙe da irin wannan ƙungiya, kullum a cikin sabon gini yake.

Wannan matsala ba ta ƙananan kwalejojin Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka, inda ƙwallon kwandon makarantu ya zama babbar harka, hukumar NCAA ta buɗe rumbun sauya sheƙa a intanet a shekarar 2018, inda ɗan wasa ke shigar da sunansa don sanar da cewa yana neman wata makaranta. A 2021 aka ba 'yan wasa damar sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman jiran shekara ba, aka kuma halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Tun daga nan, 'yan wasa maza fiye da 1,000 ne ke shiga wannan rumbu duk shekara a babban rukuni kaɗai. Ƙananan makarantu su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu: su reni yaro, da ya fara haskawa manya su ɗauke shi. Waɗanda suka ci gaba da tsayawa da ƙafarsu su ne waɗanda suka mayar da neman sababbin 'yan wasa aikin kowace rana, suka kuma riƙe koci ɗaya da salon wasa ɗaya, ta yadda ko fuskoki sun sauya, ƙungiya tana nan.

A nan gida, hanyar da aka saba bi ta bambanta. Sai an ji ƙishin-ƙishin ɗin gasa, ko ta NUGA ta jami'o'i, ko NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, ko NICEGA ta kwalejojin ilimi, sannan a manna sanarwa a allo, a tara duk wanda ya fito, a yi atisayen mako biyu. Daga nan ne wata tsohuwar cuta ta wasannin makarantun Najeriya ke samun ƙofar shiga, wato ɗauko sojojin haya, 'yan wasan da ba ɗalibai ba, a yi musu katin shaida na jabu. Yawan wannan ɗabi'a ne ya sa tantance takardu ya zama babban aiki a kowace gasa. Ko da an tsallake tantancewar an ciyo kofi, kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan haya zai karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ɗalibin gaskiya da aka ajiye a gefe ya yi zuciya ya daina zuwa fili, makaranta kuma ta koya wa matasanta cewa maguɗi ma hanya ce.

Ga kwalejin aikin gona, darasin bai kamata ya zama baƙo ba. Manoman shinkafa na yankin noman rani na Bakalori, wanda ya ratsa Talata Mafara, Bakura da Maradun, sun san cewa ba a zuwa dashe sai an yi renon iri tukuna. Wurin renon irin ƙwallon kwando shi ne makarantun sakandaren da ke kewaye da kwalejin. Tarihin wasan a Najeriya ya tabbatar da haka. Hakeem Olajuwon ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu ta Muslim Teachers College da ke Legas, kuma a wata gasar makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 ne aka sa shi cikin tawagar ƙwallon kwando. A lokacin, Bakura da Mafara da Maradun duk suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Wannan yaro shi ne ya zama zaɓi na farko a ɗaukar sababbin 'yan wasan NBA a 1984, ya kuma ci kofin gasar da Houston Rockets a 1994 da 1995. Da ba a samu wanda ya lura da tsawonsa da zafin namansa a filin makaranta ba, da labarin ya tsaya a ƙwallon hannu.

Misali na biyu ya fi kusa da batun. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara wasa yana yaro, ya kuma samu kulawar Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Da ya isa Amurka, wata ƙaramar kwaleji mai karatun shekara 2, Bismarck State da ke Jihar Dakota ta Arewa, ita ce ta ba shi gurbi. Daga baya ya kafa shirin Giants of Africa a 2003 don zaƙulo matasan nahiyar, kuma shi ne shugaban harkokin ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Abu biyu ne suka haɗu a wannan labari: koci da ya zauna wuri ɗaya har ya san yaran gari, da ƙaramar makaranta da ta yarda ta buɗe ƙofa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin Zamfara.

Za a iya cewa jihar da ke fama da 'yan bindiga tana da abin da ya fi wasa muhimmanci. Gaskiya ne, kuma yankin nan ya fi kowa sanin haka. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe da ke Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin dare, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, lamarin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar. Babu wanda zai ce ƙwallon kwando ne maganin wannan bala'i, kuma tsaron makarantu shi ne sharaɗi na farko kafin komai.

Sai dai ɓarnar da hare-haren suka yi ba ta tsaya ga waɗanda aka sace ba. Sun sa iyaye ɗari-ɗari da makarantun kwana, sun kuma mayar da harabar makaranta wurin da ake shiga a ɗauki darasi a fice da sauri. Makarantar da babu abin da ke riƙe ɗalibi bayan tashi daga aji, da wuya ta ja hankalin yaron da ke tunanin ko ya ci gaba da karatu ko ya nufi wurin haƙar zinare. Dokar ta-ɓaci a fannin ilimi da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a watan Nuwamban 2023 za ta fi armashi idan gyaran ya haɗa da rayuwar ɗalibi a wajen aji. Ko asalin wasan ma daga irin wannan buƙata ya fito: a 1891 James Naismith ya ƙirƙiro shi a wata ƙaramar makarantar horarwa da ke Springfield a Amurka, don ya samar wa ɗalibai abin yi lokacin da sanyi ya hana su fita.

Ga makarantar da aljihunta bai da nauyi, ƙwallon kwando na da sauƙi. Filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba. Daɓen siminti, ƙarafa biyu masu kwando a tsayin mita 3.05, ƙwallaye kaɗan da fitilu masu aiki da hasken rana sun wadatar. Ana iya gina shi a tsakiyar makaranta, kusa da idon masu gadi. Akwai ma nau'in mutum uku-uku da ake bugawa a rabin fili, wanda ya shiga wasannin Olamfik tun daga na Tokyo, kuma ya dace da makarantar da ke farawa da mutum shida ko takwas.

Abin da ya fi filin muhimmanci shi ne tsari. Da farko, kowace kwaleji ta ɗora alhakin ƙungiyar a wuyan ma'aikaci guda na dindindin, a tura shi kwas ɗin horarwa, a kuma sa aikin cikin abin da ake duba wa wajen ƙarin girma. Ya riƙe rajista mai sunan kowane ɗan wasa, ajinsa, gurbin da yake bugawa da shekarar da zai kammala, domin a san tun da wuri cewa baɗi za a rasa dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwando ko mai rarraba ƙwallo. A riƙa ɗaukar rabin tawaga daga 'yan shekarar farko ko da ba su kai manya iyawa ba, a kuma ba su lokacin wasa. Kocin da ya zuba 'yan ajin ƙarshe zalla don ya ci wasan bana, ya ci da rabon baɗi ne.

Na biyu, kwalejojin su buɗe filayensu ga ɗaliban sakandaren Bakura, Mafara da Maradun a wasu ranaku bayan sallar la'asar, su kuma shirya musu gasa sau ɗaya a shekara. Wannan zai taimaka wa jihar wajen fitar da wakilai nagari a gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda ake yi tun 1999, sannan kwalejin ta san yaran kafin su cike fom ɗin JAMB. Yaron da ya yi fice kuma ya cika sharuɗɗan shiga, a rage masa kuɗin makaranta ko a ba shi wurin kwana kyauta, bisa sharaɗin ya riƙe makinsa. Kada a sassauta ƙa'idar shiga ko ta jarrabawa saboda wasa. Ɗalibi ne kafin ya zama ɗan wasa, kuma mafi yawansu da takardar shaidar za su ci abinci.

Na uku, ɗan wasa ba ya zama inda babu wasa. Bakura, Talata Mafara da Maru ba su da nisa da juna, ga kuma Jami'ar Jihar Zamfara a Mafara. Ƙaramar gasa a tsakaninsu, da rana, a je a dawo kafin magariba tare da shawarar jami'an tsaro, ta fi jiran babbar gasar ƙasa da kan ɗauki shekaru kafin ta zagayo. Idan kuma wani ya yi ficen da wata jami'a ko ƙungiya irin Kano Pillars ta neme shi, kada a ɗauke shi asara. A ba shi takardar shaida mai kyau, a riƙe zumunci da shi, domin labarinsa shi ne zai jawo ƙannensa.

Bai kamata a manta da ɗalibai mata ba. Tawagar D'Tigress ta lashe kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Tun 2017 hukumar FIBA ta amince a yi wasa da lulluɓin kai. Da lokaci na musamman, da shiga ta mutunci, da malama mai kula da su, iyaye da dama za su amince.

Batun kuɗi shi ne inda gizo ke saƙa. Dokar TETFund ta 2011 ta ambaci jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, abin da ya sa kwalejojin aikin gona suka daɗe suna kukan an bar su a baya. Saboda haka nauyin ya fi komawa kan gwamnatin jiha, ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na yankin, waɗanda ba su yi kaɗan ba. A ɓangaren makarantu kuwa, duk inda ake karɓar kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, haƙƙin ɗalibai ne a bayyana musu nawa aka tara da inda aka kashe.

Ma'aikatar ilimi da ta matasa da wasanni ta jihar na iya fara wannan aiki da abu mai sauƙi: su buƙaci kowace babbar makaranta ta miƙa sunan kocinta, jerin 'yan wasanta da jadawalin wasanninta a cikin makonni shida na farkon kowace shekarar karatu, su kuma ɗaura duk wani tallafi a kan hakan. Makarantar da ta san tun yau waɗanda za su bar ta baɗi, ita ce za ta fara neman magadansu tun da sauran lokaci.