Mu Daina Yin Shiru Kan Ɗaukewar Al'adar Iyayenmu Mata

Akwai wani lokaci a rayuwar mace wanda ba a cika yin zancensa ba, ko a gida ko a majami'a, wato shekarun da jinin al'ada yake shirin ɗaukewa. A Likoro da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Hunkuyi da Makarfi da Ikara, matan da suka kai wannan matsayi su ne ginshiƙan gidajenmu da ikilisiyoyinmu. Su ne shugabannin Zumuntar Mata, su ne masu girkin taro, su ne kuma suke haɗa 'yan kuɗin sana'a da na rake domin a biya wa yara makaranta. Amma idan jikinsu ya soma sākewa, kunya takan rufe musu baki, mu kuma mu yi kamar ba mu gani ba. A ra'ayinmu wannan shiru yana jawo hasara, ya kamata a kawo ƙarshensa.

Bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci ba sa cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Kafin a kai nan akwai shekarun sauyi, sau da yawa kimanin huɗu, ga waɗansu ma fiye da haka. Dalili kuwa shi ne, ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa sukan soma rage wani sinadari da ake kira estrojin, yau ya hau, gobe ya sauka, jiki kuma yana jin kowace hawa da sauka.

Da fari al'ada takan rikice, ta zo da wuri, ko ta tsallake wata biyu, ko ta zo da yawa. Sa'an nan zafi yakan taso wa mace farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, ta jiƙe da zufa ko da cikin sanyin hunturu ne, bayan 'yan mintoci ya wuce. Da dare takan farka zanenta sharkaf, barci ya gagara. Waɗansu suna fama da faɗuwar gaba, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, saurin fushi, ko kuka ba gaira ba dalili. Waɗansu kuma gabansu yakan bushe har kwanciyar aure ta zama azaba. Akwai wadda za ta wuce wannan lokaci da sauƙi, akwai wadda za ta sha wuya ƙwarai.

Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu. Mace ta ji zafin jiki, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta sayen magani a kemis ba tare da gwajin jini ba, kuɗi su ƙare, zafi yana nan. In abin ya daɗe sai a koma cewa iska ce ko sammu, a fara zargin suruka ko maƙwabciya, zumuncin shekaru ya lalace. Maigida kuma ya ga uwargida tana gudun shimfiɗarsa, tana yawan faɗa, sai ya ɗauka raini ne ya shigo, aure mai shekara ashirin da ɗoriya ya fara tangal-tangal. Alhali kuwa tsari ne na halitta wanda kowace mace da Allah ya ja kwananta za ta bi ta cikinsa. Littafin Farawa sura 18 ya faɗi a fili cewa al'adar Saratu ta riga ta ɗauke sa'ad da aka yi mata alkawarin ɗa. Abin da Maganar Allah ba ta ɓoye ba, don me mu za mu mai da shi abin kunya?

Amma akwai haɗari na biyu da muke so masu karatu su lura da shi, wato a ɗora kowane ciwo a kan shekaru, a zauna a gida. Matar da ta yi wata 12 ba jini sa'an nan ta sāke gani, ko ɗigo ne, ta tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka nan wadda take ganin jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari, ko jini mai guda-guda da ya wuce kwana bakwai har tana jiri. Waɗannan suna iya zama alamun ƙari a mahaifa ko ciwon daji na bakin mahaifa, wanda ake iya maganinsa idan an gano shi da wuri. Zufar dare da ta haɗu da rama da tari na fiye da mako biyu, a gwada tarin fuka. A riƙa auna jini da suga, gama hawan jini da ciwon suga sukan ɓullo a waɗannan shekaru. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta cika shekara 40, ita ma ta ga likita. A sani kuma, muddin jini yana zuwa ko da jefi-jefi ne, mace tana iya ɗaukar ciki.

Wurin zuwa bai gagara ba. Ga asibitocin gwamnati a Makarfi da Ikara, ga asibitin St. Luke a Wusasa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika inda ake samun ƙwararrun likitocin mata. Akwai magunguna da ke mayar wa jiki sinadarin da ya ragu, su kwantar da zafi da bushewa, amma likita ne kaɗai zai duba ya faɗi wadda suka dace da ita. A gida kuwa, tufafin auduga marasa nauyi da yawan shan ruwa suna taimakawa. Tun da ƙashi yakan rage ƙarfi bayan al'ada ta ɗauke, a yawaita nono, zogale, miyar kuka da ƙananan kifi, kada kuma a daina motsa jiki.

Saboda haka muna kira ga magidanta su yi haƙuri, su tambaya kafin su yi fushi, su kuma ba da kuɗin mota da na kati idan lokacin asibiti ya yi. Muna kira ga Zumuntar Mata ta kowace ikilisiya ta ware zama na musamman, mata zalla, ta gayyaci nas ko ungozoma ta asibiti ta yi bayani da Hausa, a yi tambaya ba tsoro. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya domin wayar da kai a kan wannan batu, ana iya sa zaman a wannan mako. Fastoci da dattawa kuma, idan mace ta zo neman addu'a saboda irin wannan damuwa, su yi mata addu'a, su kuma nuna mata hanyar asibiti, kada su bar kowa ya kira ta mai aljanu.

Iyayenmu mata sun yi mana goyo, sun yi jinyarmu dare da rana. Yanzu da nasu jikin yake bukatar kulawa, hakkinmu ne mu saurare su. Allah ya ba mu ikon yi. Amin.