DALMA, ƁARAWON DA KE CIKIN GIDA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, da ku 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan 'ya'yanmu take. A shekarar 1910 ba mu nan, amma a 2010 muna nan, kuma kunnenmu ya ji abin da ya faru a ƙasar Zamfara. Yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega. Ba annoba ce ta sauko ba. Iyayensu ne suka kawo dutsen zinariya gida, aka daka a turmi, aka niƙa a inji, ƙurar dalma ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 kuma aka sake yin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kada wani ya ce shi ba ya haƙar zinariya, don haka babu ruwansa. Dalma tana da ƙofofi da yawa, kuma galibinsu ta kasuwa suke biyowa.

Ta farko ita ce kwalli. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, sau da yawa shi ne ainihin dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa. Uwa ta ranbaɗa wa jariri don ƙauna, ya murza ido, ya kai hannu baki. To, ya ci. Kowace safiya haka, har shekara. Idon jariri ba ya bukatar ado, a bar masa shi yadda Allah Ya yi shi.

Ta biyu, tukunyar da ake ƙerawa da tarkacen ƙarfe, wanda aka narka haɗe da tsofaffin kayan mota. Miyar tumatir da yakuwa da kunun tsamiya suna jawo dalma daga jikinta. Wanda ba shi da halin sauya tukunya, to kada ya bar abinci ya kwana a ciki.

Ta uku, tsohon batirin mota. Kada a fasa shi a gida, kada a ɗebi ruwa da kwankonsa. Mai wannan sana'a, da mai haƙar ma'adini, su yi wanka su sauya tufafi kafin su ɗauki yaro. Ta huɗu kuwa fentin mai ne, musamman rawaya da ja, idan ya tsufa yana ɓarewa daga ƙofa ko taga.

Me ya sa yara ne abin ya fi kamawa? Domin cikin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu ko biyar na babba, balle in yana jin yunwa. Mai ciki ma tana ba ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ɗan kaɗan na dalma da ba ya cutarwa. Mai yawa tana kawo amai da ciwon ciki da jijjiga. 'Yar kaɗan kuwa tana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye, sai yaro ya shiga makaranta a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa kan laifin da ba nasa ba. Abin da ta ci ba ya dawowa, kuma gwajin jini ne kaɗai ke tona ta.

Rigakafin nan bai fi ƙarfin talaka ba. A wanke hannun yara kafin su ci abinci. A yayyafa ruwa kafin shara. A ba su wake da zogale da kifi da nono gwargwadon hali.

Ku 'yan kasuwa, ku ne masu tsaron ƙofa. Ku tambayi dillali inda kayansa suka fito, ku taru ta hannun shugabanninku ku nemi a gwada su. Hukuma kuwa muna tuna mata cewa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, shekara uku yara suna wasa a kanta ana jiran kuɗi. Wanda ya san hanyar rumfarmu ranar karɓar haraji, ya san ta ranar gwajin kaya. A kai na'urar gwajin jini asibitocin karkara, kada a jira sai an fara haƙa kaburbura.

Allah Ya raya mana zuriya.