Tiyatar rage ƙiba: Babban aikin yana bayan an dawo gida

A ƙasar da ake ɗaukar teɓa alamar hutu, har wasu mata ke shan "sha ka fashe" don su ciko, maganar tiyatar rage ƙiba kan zo banbaraƙwai. Amma ga wanda ƙiba ta haɗa da ciwon suga da hawan jini, wani lokaci ita ce mafita.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan aikin. A nau'in da aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Daga nan an yi sallama da malmala biyu: abinci ruwa-ruwa na makonni, sannan loma kaɗan-kaɗan, ga ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Fatar da ta saki kuwa sai nauyi ya tsaya ake rage ta, da kuɗinta daban.

To mutumin Doguwa ko Kiru da ya sayar da gona ya tafi Masar, wa zai riƙa gwada jininsa? Asibitin Malam Aminu Kano ba a bayan gida yake ba.

Kafin a yanki tikiti, a nemi likitan da zai riƙa bibiya. Dangi kuma su daina cewa "ƙara loma mana, ka rame".