Al'ada Ba a Jikin Bango Take Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen sake gina asibitoci a Borno, ra'ayi ɗaya ne ke rinjaye tsakanin masu zanen gini da masu ba da kuɗi: a kafa katafaren gini a Maiduguri, a ɗora masa ƙubba, a yi wa bango zanen gargajiya, a cika ɗakuna da na'urorin Turai, shi ke nan an mutunta al'adar jama'a. Ni ban yarda ba, balle idan ginin na masu shanyewar ɓarin jiki ne.

Buƙatar kam ba abin musu ba ce. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba cibiyoyin lafiya 743 a jihar, ta tarar kashi 35 cikin ɗari an rusa su gaba ɗaya, wasu kashi 29 sun lalace. Mai hawan jini da ke karɓar magani a Bama ko Dikwa ya tsere wa yaƙi da rigar jikinsa, ya yi shekaru a sansani ba wanda ya auna shi. Hawan jinin da aka yi wa sakaci shi ne kan gaba wajen toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ko fasa ta. Sai mutum ya wayi gari hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace.

To, me wannan bawan Allah yake nema? Ya zaga bayan gida shi kaɗai, ba sai 'yarsa ta riƙe shi ba. Masan gidansa na tsuguno ne, kuma da buta ake tsarki. Idan a cibiyar an koya masa zama kan masai irin na otal kawai, ranar da ya koma gida aikin ya tashi a banza. A tabarma yake zama, a tabarma yake kwana, don haka tashi daga ƙasa shi ne darasin farko. Wanda damansa ya mutu yana jin nauyin sa hagu a kwano cikin jama'a, har ya gwammace ya kwana da yunwa. Wanda hagunsa ya mutu kuwa, tsarki ne ya zame masa tashin hankali. Haka alwala, haka ruku'u da sujada. Likitan gashin ƙashi da ya ce wa dattijo "za mu yi aiki har ka iya sujada" ya fi samun haɗin kansa a kan wanda ya ce masa ya ɗaga ƙafa sau ashirin. Wane zanen bango ne zai yi wannan aikin?

Sai maganar majinyaci. Tsarin da ake kwaikwayo yana ɗaukar dangi a matsayin baƙi masu lokacin ziyara. A wajenmu kuwa matar ko ɗan da ke kwana a gefen gado shi ne zai ci gaba da gashin bayan sallama. A ba shi wurin shimfiɗa, da murhu, da inuwar zama, a koya masa juya maras lafiya don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kuma a tuna yaƙi ya bar zawarawa da tsofaffin da ba su da kowa, su ma sai an tanadar musu mai kula. Mata na buƙatar sashensu da mata masu gashi, in ba haka ba da yawa ba za su zo ba. Wanda maganarsa ta ɗauke, da Kanuri ko Shuwa ko Marghi zai fara lalubo kalmomi, ba da Turanci ba. Mutumin da ya taɓa kwana a tsare kuma, ɗaki marar taga da mai kaki a bakin ƙofa sun isa su hana shi barci.

Za a ce ai bin al'ada shi ne buɗe ƙofa ga masu cewa iska ce ta buge maras lafiya. Iyalin da aka kori malaminsu ba sa barin malam, asibitin suke bari. Gara malam ko fasto ya shigo ya yi addu'arsa, a fahimtar da shi cewa ba a fasa shan maganin hawan jini, kuma wanda haɗiya ke yi wa wuya ba a ɗura masa rubutu, domin ruwan na iya zarcewa huhu.

Babban kuskuren dai shi ne tara komai a wuri guda. Tun 2021 gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu. Yawancin sauƙin da mai wannan ciwo ke samu a watanni uku zuwa shida na farko ne, kuma sai da atisaye kullum. Wa zai riƙa ɗauko shi daga Gwoza, tafiyar fiye da kilomita 100, kowane mako? Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024, wadda ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta nuna haɗarin zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da gwamnatin Borno su raba kuɗin katafaren ginin nan, su yi ƙananan ɗakunan gashi a asibitocin Bama, Gwoza, Monguno da Biu, su horar da 'yan garin, mata da maza. Kafin a ja layi ɗaya a takarda kuma, a kai mai zanen ya ga masan gidan maras lafiya.