A Buɗe Mana Littafin Kanta

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata tambaya wadda duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa jin wata uwa tana yin ta cikin kuka: ina aka kai ɗana? Mu da muka fito daga Furana da sauran ƙauyukan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan mun ji ta ya fi sau shurin masaƙi. Saurayi ya ɗauki rakensa ko tumatirinsa ya nufi kasuwa, la'asar sakaliya sai labari ya iso gida cewa an gan shi a bayan motar 'yan sanda. Tsohonsa ya ranto kuɗin mota, ya je wannan caji ofis a ce ba a san da zancen ba, ya je wancan a ce ya komo gobe mai gida ba ya nan, ya isa Zariya a ce ya gwada Kaduna. Kwana uku yana gararamba, alhali kuwa amsar tana rubuce cikin littafi guda, a kan kanta, taku biyu daga inda ya fara tsayawa.

Wannan littafi shi ne abin da muke magana a kai. Ra'ayinmu shi ne an juya al'amarin bayanan kame a ƙasar nan: waɗanda suke da haƙƙin su gani, watau iyaye da lauya da alƙali da shi kansa wanda aka kama, an rufe musu, waɗanda ba su da hurumi kuwa, watau 'yan kallo da 'yan tsegumi, an baje musu komai a faifai.

Kada wani ya ce mafarki muke yi irin na yaran makaranta. Abin da muke nema doka ta riga ta ba mu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, in ban da manyan laifuffuka masu hukuncin kisa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙara fayyacewa: a rubuta sunan mutum da sana'arsa da adireshinsa da laifin da ake zargi da ranar kamu da yadda aka yi kamun, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kada a wuce awa 48, a sanar da danginsa ba tare da sun biya ko kwabo ba, kada a kama wani a madadin wani. Ta ce a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata, shugaban caji ofis ya kai wa majistare mafi kusa rahoton duk waɗanda aka kama ba da waranti ba, kuma majistare ya riƙa zuwa da ƙafarsa kowane wata ya duba rajista da waɗanda suke bayan kanta. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017, sa'an nan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita waɗannan ƙa'idoji a kan kowane caji ofis na Nijeriya. To, mu tambayi kanmu: a cikin dattawan da ke zaune a gindin bishiya a Hunƙuyi ko Ikara, mutum nawa ne aka taɓa karanta wa wannan da Hausa?

Wannan ɗabi'a ta ɓoye-ɓoye ba yau ta fara ba. Iyayenmu suna ba da labarin zamanin En'e, lokacin da ɗan doka zai tasa ƙeyar mutum, gardi ya rufe, babu mai ikon tambaya. 'Yan NEPU sun ɗanɗana wannan a shekarun 1950, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya ta shiga kurkuku sau da dama saboda bakinta. A ƙarshen shekarun 1960 aka rushe 'yan dokan En'e, amma Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta riga ta koya wa kowane akawu cewa takardar ofis abin ɓoyewa ce, sa'an nan Doka ta 2 ta mulkin soja ta 1984 ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba. Kakin ya sake, tutar ta sake, amma talaka har yanzu yana cire hula yana durƙusawa don a gaya masa inda ɗansa yake.

Me ya sa ake ɓoyon littafin? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sunan da ba a rubuta ba shi ne ake cinikinsa. An manna takarda a bango cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san buhun masara nawa ake sayarwa kafin a ga wannan kyautar. Idan an rubuta ranar kamu da awa, dole a kai mutum kotu ko a sake shi. Idan ba a rubuta ba, kwana goma da kwana ɗaya duk ɗaya ne. Ƙididdigar hukumar gidajen gyaran hali da kanta ta nuna wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Da yawansu sun daɗe ne domin fayil ya ɓace, ko kuwa tun farko ba a buɗe shi ba.

Bari mu juya ɗaya ɓangaren. Yaron nan da aka hana ubansa ganin sunansa, shi ne za a jera a tsakar rana ba riga, a ajiye adda a gabansa, a kira 'yan jarida. Kafin magariba hotonsa ya zagaye Facebook da WhatsApp, an kira shi ɗan fashi. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce kowa ba shi da laifi sai an tabbatar a kotu, kuma Jihar Legas ta haramta irin wannan baje kolin tun 2021. Idan bayan wata takwas alƙali ya sallame shi, wa zai kira 'yan jarida? Ranar da ya je neman aure, masu bincike za su komo su ce an taɓa kama shi. Ranar da ya nemi aikin gadi, haka. Kamu ba hukunci ba ne, amma a ƙauye tabonsa ba ya fita.

Haka zancen yake game da tarihin laifin mutum. Babbar rajistar masu laifi ta 'yan sanda tana Alagbon, can Legas. Wanda yake son takardar shaidar hali don neman aiki ko fita waje sai ya biya kuɗi ta intanet, ya tafi birni a ɗauki zanen yatsunsa. Dokar 2015 ta ce a kafa reshen rajistar a kowace jiha, a aika mata da hukuncin kowace shari'a cikin kwana 30. Idan aka rubuta kamu aka manta da rubuta sallama, to an ɗaura wa mutum jakar tsaba bai sani ba. Dole kowa ya iya ganin abin da aka rubuta a kansa, kusa da gida, ya kuma sa a gyara kuskure.

Mun san abin da za a ce: buɗe littafi zai ɓata bincike, ya kuma tona asirin mutane. Ba mu ce a buɗe sirrin bincike ba, ba mu kuma son irin abin da ya faru a Amurka, inda wasu kamfanoni suka riƙa baza hotunan waɗanda aka kama suna karɓar kuɗi kafin su cire. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta raba gardama: ta kāre binciken da ke gudana da sirrin mutum, ta kuma wajabta wa hukuma ta amsa takardar mai tambaya cikin kwana 7. 'Yan sanda na Tarayya ne, saboda haka dokar ta hau kansu tun ranar farko. A watan Afrilu na 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Gaya wa uba cewa ɗansa yana nan ba ya ɓata wani bincike. Faɗin adadin waɗanda aka kama a wata ba ya tona asirin kowa.

Saboda haka ga buƙatunmu:

1. Duk wanda aka kama a rubuta shi nan take, a ba danginsa ɗan guntun takarda mai lambar rajista da rana da awa.
2. A manna ranar ziyarar majistare a ƙofar kowane caji ofis da kowace kotu, da Hausa, da boko da ajami.
3. A riƙa bayyana wa jama'a adadin kame da beli da waɗanda aka kai kotu a kowace ƙaramar hukuma duk wata, ba tare da sunaye ba.
4. A haramta baje kolin waɗanda ake zargi a Jihar Kaduna.
5. Duk wanda kotu ta sallama a ba shi kwafin hukunci, a kuma gyara rajista.

Saura mu. Ku 'yan'uwanmu masu karatun lauya a Kongo, ku fassara waɗannan sassa zuwa Hausa mu tafi da su gida a hutu mai zuwa. Kowace ƙungiyar ɗaliban gari ta rubuta takarda ɗaya ta nemi ƙididdigar wata shida, ta riƙe kwafi mai hatimi, ta ƙirga kwana 7. Ku kuma matasan akawuna da rajistarori da kurata, alƙalamin yana hannunku. Tsohon da ke tsaye a gaban kantarku da harajinsa aka sayi littafin, kuma tsaran ubanku ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin motar da ta ɗauki mai rake jiya ba ta tambayar digiri. A buɗe mana littafin kanta!