Filin Sana'a: Sa Kayan Ƙari a Manhajar Rubutu

A wannan wata za mu fara da wani abin da ya faru a gidanmu, gama muna tsammani irinsa yana faruwa a gidaje da yawa inda akwai yara masu koyon aikin kwamfuta.

Akwai wani ƙanenmu ɗalibi da yake zaune tare da mu. Yana rubuta aikinsa na ƙarshen shekara da wata manhajar rubutu da ake kira Emacs. Saura kwana biyu ya miƙa aikin, sai ya ga wani mutum ya sa fayil ɗin shirye-shiryensa a intanet. Yaron ya kwafe shi duka da dare, ya zuba a tasa kwamfuta, ya kwanta yana murna. Da gari ya waye ya buɗe manhajar, sai ga gargaɗi a kan allo, maɓallan da ya saba da su kuwa duk sun sake aiki. Ya zo wurinmu ido ya raina fata. Muka tambaye shi, "Me ka sa a ciki jiya?" Ya ce, "Yaya, ni ma ban sani ba."

Wannan amsa tasa ita ce dalilin wannan magana. Kayan ƙari suna da amfani ƙwarai, amma bai kamata mutum ya sa abin da bai sani ba a cikin kayan aikinsa.

Mene ne ƙunshi?

Idan mutum ya sayi sabon keke, yakan kai shi wurin mai gyara a sa masa kariya, da fitila, da ƙararrawa. Mai kai kaya kasuwa yana bukatar kariya mai ƙarfi, mai tafiyar dare kuwa fitila ce damuwarsa. Keken ɗaya ne, amma kowa yana ƙara abin da aikinsa yake so. Haka manhajar rubutu take. Aikinta na asali shi ne a buga rubutu, a gyara, a ajiye. Sauran ayyuka ana ƙara su ɗaya ɗaya, kowane ƙari kuwa yana zuwa a ɗaure wuri guda. Shi ne muke kira ƙunshi.

Emacs ta fito daga jami'ar MIT ta ƙasar Amurka a 1976. Tun farkonta ma tarin ƙananan umarnai ce da aka ɗora a kan wata tsohuwar manhaja mai suna TECO, Richard Stallman kuwa yana cikin waɗanda suka haɗa su. A 1985 ya fitar da GNU Emacs, wadda ake amfani da ita har yau. Yawancinta an rubuta shi da wani harshen kwamfuta mai suna Emacs Lisp, da wannan harshe kuma ake rubuta ƙunshe-ƙunshen. Saboda haka abin da mutum ya ƙara yakan zauna kamar da shi aka yi manhajar. Akwai Org, wanda wani masanin taurari, Carsten Dominik, ya fara a 2003 domin tsara ayyukansa da rubuce-rubucensa. Akwai Magit, wanda Marius Vollmer ya fara a 2008 domin masu ajiye tarihin gyare-gyaren aikinsu da Git. Wasu manhajoji kamar Vim da Visual Studio Code su ma suna da nasu kayan ƙari, kuma shawarar da za mu bayar ta shafe su.

Rumbunan da ake ɗebowa

A dā, in mutum yana son ƙunshi sai ya nemo fayil ɗin da kansa, ya ajiye, ya nuna wa manhajar inda yake. A 2007 Tom Tromey ya rubuta wani mai kula da ƙunshe-ƙunshe, aka shigar da shi cikin Emacs 24 a 2012. Tun daga lokacin ana ɗebo su daga rumbuna ta intanet. Manyan rumbunan uku ne.

Na fari shi ne GNU ELPA, na masu Emacs ɗin kansu. Kowane ƙunshi daga can yana zuwa da sa hannu irin na kwamfuta, wanda yake nuna ba a taɓa shi a hanya ba. Na biyu shi ne NonGNU ELPA, wanda aka haɗa da manhajar tun Emacs 28 a 2022. Na uku shi ne MELPA, wanda masu sa kai suke riƙe da shi. Ya fi sauran girma, gama yana da ƙunshi fiye da 5,000, amma sai mutum ya ƙara adireshinsa da kansa. MELPA yakan ɗauko aikin kowane marubuci kai tsaye ya ɗaure, ko da jiya ya yi gyaran. Watau abin da ka samu sabo ne fil, amma wataƙila ba a gwada shi sosai ba. Akwai reshensa mai suna MELPA Stable ga wanda ya fi son abin da marubucin ya ce ya kammala.

Yadda ake sa ƙunshi

A Emacs ana ba da umarni ta danne maɓallin Alt a buga x, abin da ake rubutawa M-x. Sai a buga list-packages. Jerin sunaye zai fito, kowane da ɗan bayaninsa. A kai kan wanda ake so a karanta bayanin tukuna. In ya gamsar, a buga i domin yi masa alama, sa'an nan a buga x domin a zartar. Harafin d na cirewa ne, babban U kuwa na sabunta waɗanda suka tsufa. Wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema, M-x package-install ya ishe shi.

Yana da kyau mu san abin da yake faruwa bayan an buga x ɗin nan. Manhajar takan sauko da ƙunshin, ta duba sa hannun in akwai, ta kwance shi a wata folda mai suna elpa. In ƙunshin yana dogara ga waɗansu, sai ta ɗebo su su ma. Shi ya sa mutum zai nemi ɗaya ya ga biyar sun shigo. Sa'an nan ta rubuta ɗan jerin umarnan ƙunshin, domin kada ta ɗauki nauyinsa duka sai ran da aka kira shi. Daga ƙarshe ta juya fayilolin da mutum yake iya karantawa, masu ƙarewa da .el, zuwa waɗansu masu ƙarewa da .elc, waɗanda kwamfuta ta fi saurin bi. Wannan juyawa ita ce ake ce wa ginawa. Tun 2022 Emacs tana iya ƙara juya su zuwa harshen injin kansa domin ƙarin sauri.

Abin da mutum ya zaɓa game da kowane ƙunshi ana rubuta shi a fayil ɗaya mai suna init.el, wanda manhajar take karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. Irin wannan fayil ne ƙanenmu ya kwafo na wani. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Mai fayil ɗin ya tsara shi domin tasa kwamfuta da nasa aiki, a cikin shekaru, ya san dalilin kowane layi. Yaronmu bai san ko ɗaya ba.

Baƙon da aka ba makullin gida

Akwai abin da ya fi gargaɗi a allo muni. Ƙunshi ba hoto ba ne da za a rataya a bango. Umarnai ne masu aiki, kuma Emacs ba ta killace su. Duk abin da mai kwamfuta yake iya yi, ƙunshin ma yana iya yi: ya karanta wasiƙunsa, ya share fayilolinsa, ya aika da su wani wuri. A gidajen da uba da uwa da yara suke amfani da kwamfuta ɗaya, lissafin shago da takardun iyali duk suna ciki.

Yawancin marubutan nan mutanen kirki ne da suke ba da aikinsu kyauta. Amma an taɓa ganin akasin haka, ko da yake ba a Emacs ba. A 2018 marubucin wani ƙunshi na harshen JavaScript, mai suna event-stream, ya miƙa riƙonsa ga wani baƙo da ya ce zai taimaka. Baƙon ya cusa umarnan satar kuɗin intanet daga masu amfani da wata manhaja mai suna Copay, aka yi makonni ba a gane ba. Saboda haka kafin mu sa ƙunshi, mu tambayi kanmu: daga wane rumbu ya fito? Wa ya rubuta shi? Ana gyara shi har yanzu, ko an yashe shi? Lalle muna bukatarsa, ko dai sha'awa ce kawai? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gina naka da kanka

Hanyar da ta fi kowace koya wa mutum abin da yake cikin ƙunshi ita ce ya gina nasa, kome ƙanƙantarsa. Mu masu rubuta Hausa muna da bukata a kusa. Allon maɓallai ba shi da ƙ, da ɗ, da ɓ, har mutum ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. A buɗe sabon fayil, a sa masa suna haruffa.el, a rubuta haka:

;;; haruffa.el --- Haruffan Hausa -*- lexical-binding: t -*-
;; Version: 1.0
(global-set-key (kbd "C-c k") (lambda () (interactive) (insert "ƙ")))
(provide 'haruffa)
;;; haruffa.el ends here

Layi na fari yana faɗin sunan ƙunshin da aikinsa. Na biyu lambar fitowarsa ce, in babu ita mai kula da ƙunshi ba zai karɓa ba. Na uku shi ne aikin kansa: in an danne Ctrl aka buga c, sa'an nan aka buga k, sai ƙ ta fito. A maimaita wannan layi domin ɗ da ɓ, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su ƙara ƴ. Wanda ba shi da harafin da zai sa a karo na fari, ya buga C-x 8, ya danna Enter, ya buga lambarsa: 0199 domin ƙ, 0257 domin ɗ, 0253 domin ɓ, 01B4 domin ƴ. Layi na huɗu yana shaida wa manhajar cewa ƙunshin ya shigo. Bayan an ajiye, a buga M-x package-install-file a nuna fayil ɗin. Emacs za ta gina shi kamar yadda take gina na rumbu. Sai a rubuta (require 'haruffa) a cikin init.el, a rufe manhajar a sake buɗewa. Shi ke nan.

In abu ya lalace

Yanzu mu koma ga ƙanenmu. Abu na fari da muka gaya masa shi ne, rubutunsa yana nan lafiya, gama shirye-shiryen ne suka rikice, ba aikin ba. Muka buɗe manhajar da umarnin emacs -Q, wanda yake tashe ta ba tare da karanta init.el ko ɗaukar wani ƙunshi ba. Ga aikinsa nan cif. Akwai kuma emacs --debug-init, wanda yake nuna inda kuskuren ya auku. Amma da yake fayil ɗin ba nasa ba ne, muka kawar da shi gefe gaba ɗaya. Ya gama aikinsa ya miƙa a kan kari. Bayan mako ɗaya muka zauna tare, ya fara sabon init.el daga layi na fari, haruffa.el kuwa shi ne ƙunshinsa na farko.

Ga shawararmu a taƙaice. A sa ƙunshi ɗaya, a yi kwana biyu ana gwada shi, sa'an nan a ƙara wani, domin in abu ya lalace a san mai laifi. A ajiye kwafin init.el kafin a taɓa shi. A rubuta ɗan bayani a kan kowane layi, gama bayan wata shida mutum yakan manta dalilinsa. Kada a sabunta kome ana gobe za a miƙa aiki. Abin da aka daina amfani da shi kuwa a cire, keken da aka cika wa kaya ba ya hawan tudu.

Iyaye, ko ba ku san kwamfuta ba, kuna iya yi wa yaranku tambayar da muka yi wa namu: me ka sa a ciki, wa kuma ya yi shi? Yaron da ya iya amsa wannan ya fara zama gwani. Sannu ba ta hana zuwa.